Hanyar da Kawu Ya Ƙarasa da Ƙafa

A gidanmu ni ce mai duba hanya. Ban iya tuƙa babur ba, ko hawansa ban ƙara yi ba tun ina ƙarama, amma duk lokacin da Yaya zai fita zuwa duwatsu da abokansa, wurina yake zuwa tun ana jibi. Ya zauna a bakin katifata yana warin man inji, ya ce, "Malama, duba mana sama." Sai in kife littafin da nake karantawa in ɗauki waya.

A Jidda aka haife mu ni da shi, a unguwar Nuzla. Gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, iskarsa nauyi gare ta da gumi, wanda ya tashi a cikinsa bai san sanyi ba sai na na'urar ɗaki. Amma in ka bar garin ka yi kudu, akwai duwatsu da suka miƙe kamar bango, garuruwa a kansu, gajimare a ƙarƙashin garuruwan. Yaya gyaran babura yake yi a wani gareji, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ranta, kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, mutumin kirki, kuma hutunsa na Juma'a a kan waɗannan hanyoyi yake ƙarewa. Ni kuwa daga ɗaki na san su. Ina karanta sanarwar yanayi. Ina bin hirar matuƙa babur a waya, inda suke gaya wa juna wurin da dutse ya gangaro da wurin da aka rufe. Ina buɗe taswirar da aka ɗauka daga sama, in ta matso da ita har in ga inuwar itatuwa.

Hanyar da ke hawa dutse aƙaba ake ce mata a nan. Daga sama kamar zare take da aka yar a ƙasa ya nannaɗe. Nakan bi ta da yatsa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har in ji kaina yana juyawa. A haka na koyi cewa kwarin da ke gindin dutse yakan cika da ruwa alhali sama tana tangaran a kanka, domin can bisa aka yi ruwan. Na koyi cewa bayan ruwa tsakuwa takan zubo ta kwanta daidai inda babur yake karkata. Na koyi cewa birai sukan zauna a tsakiyar kwalta kamar masu jiran mota. Duk wannan na sani ban taɓa jin iskar wurin a fuskata ba.

Kawu ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan tsaunin Mambila aka haife su, can Nijeriya, inda kakanmu ya je fatauci ya zauna. Kafin ya zo Saudiyya, Kawu ɗan babur ne, yana hawa da sauka da ayaba da ganyen shayi a kan wannan tsauni. Umara ya zo yi, bai koma ba. Ya zauna a ɗan ɗakin da ke kan rufin gidanmu, yana dako a kasuwar kayan gwari. A Nuzla lungu ya fi titi yawa, kuma babu mai tambayar mutum takarda a lungu.

Sai aka fara rushe tsoffin unguwanni. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangonmu. Muka koma wani bene a unguwar Bani Malik, inda mai gadi ba ya barin kowa ya kwana sai ya ga iƙamarsa. Kawu ya shiga kwanan aro: yau a bayan garejin su Yaya, gobe a shagon wani ɗan garinsu, jibi a cikin wata mota da ta mutu. Layin wayarsa, wanda dama da sunan wani aka yi shi, aka yanke. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ya zo mana da rana a matsayin baƙo, yakan yi barci a zaune da kofin shayi a hannu, Umma ta zare kofin a hankali.

Ana nan wani ɗan garinsu da ke kiwon zuma da awaki a wani ƙauye can saman duwatsun kudu ya aiko da saƙo: tsohon da yake yi wa aiki yana neman ƙarin hannu, akwai ɗaki, babu mai tambaya. Matsalar ita ce zuwa. Bas ba ta ɗaukar wanda ba shi da takarda. Manyan hanyoyi akwai shingen bincike, wanda muke kira taftish. Wanda kuma aka kama ya ɗauko marar iƙama, shi ma ya shiga: kurkuku, sannan a kore shi daga ƙasar. Yaya bai taɓa ganin Nijeriya ba. Hausarsa ma rabi Larabci ce. Duk da haka shi ya ce, "Halas, shi ke nan. Ni zan kai shi."

Mun zauna a kan shirin wata rana bayan abincin rana, a ƙasa, wayata a tsakiyar tabarma. Na nuna musu hanyoyi biyu da ke hawa zuwa ƙauyen. Ɗaya sabuwa ce, mai faɗi, an huda mata dutse ta wuce ta ciki, da ƙarfe a gefenta tun daga ƙasa har sama, amma taftish yana gindinta. Ɗayar tsohuwa ce, siririya, mutanen ƙauye kaɗai ke binta, wurare da yawa babu komai tsakaninka da rami.

"Wannan ita ce ta mutane," na ce. "Wannan kuwa ta awaki ce."

"To ai mun samu," in ji Kawu. "Ni da akuya takardarmu iri ɗaya ce."

Yaya ya yi dariya har ya buga cinya. Umma ba ta yi ba. Tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Na karanta musu abin da na tara. An yi ruwa a can farkon mako, saboda haka a sa ran tsakuwa a lanƙwasa. Gidan mai na ƙarshe yana gindin dutse, su cika tanki ko da bai yi ƙasa ba. Akwai kwari guda da hanyar ta ratsa babu gada, in suka ga ruwa ja yana gudu su tsaya, kome ƙanƙantarsa. Waya tana ɗaukewa daga tsakiyar hawa. Yaya ya ƙara nasa: mutum biyu da jaka, inji zai yi nishi a sama inda iska ta yi ƙaranci, zai canja birki, ya ɗaure sarƙa, ya duba iskar taya da sanyin safiya.

"Kuma Kawu, in na karkata ka karkata tare da ni," ya ce. "Kada ka miƙe."

Kawu ya ajiye kofinsa. "Mu'allim, ni za ka koya wa zama a kan babur? Ina hawa Mambila da buhu uku da mace mai ciki a baya lokacin kana tsotson yatsa."

"Mace mai ciki ba ta gardama," in ji Yaya.

"Ba ka san ta ba ne."

Sai na kawo babban sharaɗina. Na ce dole su gama hawa kafin azahar, saboda hazo. Kawu ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa yarinyar da ta yi karatu da yawa.

"Ɗiyata, hazo abin safe ne. A wurinmu in ka tashi ka ga gari ya yi fari, sai ka hura wuta ka sha shayi. Rana na ɗagawa ya watse. Wanda ya yi sammako shi ke haɗuwa da shi."

Na ce masa na nan ba haka yake ba. Na nan daga ƙasa yake tasowa. Iskar teku mai zafi da laima takan kwana a fili, rana ta dafa ta, sannan ta kama hawan dutse kamar yadda mutum zai hau, tana isa sama ta zama fari. Da safe dutsen tas yake. Bayan azahar ne yake rufewa.

"Ka ji, Kawu," in ji Yaya. "Hazon nan ɗan gari ne. Sai ya yi barcin safe."

Kawu ya yi dariya ya ce ya ji, ya yarda. Amma na ga yadda ya yarda. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ganin abu da idonsa ba ya sauke shi don wata ta karanta masa a waya.

Ana gobe tafiya Umma ta buɗe akwatinta na ƙarfe, ta tono wata rigar sanyi mai kauri, ruwan ƙasa, da ta zo da ita daga gida tun kafin a haife mu. Ba a taɓa samun ranar sa ta a Jidda ba. Ta shanya ta a taga don warin akwati ya fita, ta ninke, ta sa a jakar Kawu.

Juma'a suka zaɓa, don ita ce ranar hutun Yaya, kuma hanya takan yi shiru. Bayan sallar asuba muka sauko ƙofar bene. Kawu ya riga ya sa hular kwano, sai ya cire ta, ya tsuguna gaban Umma.

"Hajiya, a yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Tashi, mai gadi na kallo."

Ta tura masa ƙullin dabino da gurasa. Yaya ya kunna abin da ke nuna mini inda wayarsa take, ya ce, "Ga mu a hannunki, Malama. Yalla, mu tafi." Suka fita titi, jakar Kawu a ɗaure a baya, shi kuma ya zauna tsaf, hannuwansa a kan gwiwoyinsa, bai riƙe kowa ba.

Daga nan suka zama ɗigo shuɗi a kan taswira. Na zauna da shi duk safiyar. Ya bi gaɓar teku ya yi kudu, a kan hanya miƙaƙƙiya, rairayi hagu, ruwa dama. Jefi-jefi Yaya yakan turo saƙon murya in sun tsaya: iska tana turo su gefe, raƙuma sun tsallaka gabansu kamar hanyar ta ubansu ce, Kawu ya ce kujerar babur ɗin ta 'yan gayu ce. Suka bar babbar hanya a mararrabar da na nuna musu, suka kewaye ta cikin gonaki. Suna gaba da lokacin da na tsara. Na shiga madafa na ce wa Umma sun kusa gindin dutse, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da yanka albasa.

Da na dawo, ɗigon ya tsaya. Na matso da taswirar, na ga rufi mai kusurwa huɗu da hasumiya. Na kira.

"Yaya, me kuke yi a masallaci? Ku sha mai ku wuce."

"Ga shi nan, ki gaya masa da kanki."

Na ce wa Kawu matafiyi ba a ɗora masa Juma'a ba, ya yi azahar a sama in sun isa, kowane malami zai gaya masa haka.

"Na sani, ɗiyata." Muryarsa a kwance take, ina jin kukan zakara a bayansa. "Amma shekara nawa ina sallah ido ɗaya a kan liman, ɗaya a kan ƙofa? Nan babu wanda ya san ni, babu wanda ya damu. Bari in yi Juma'a guda da zuciya ɗaya. Ga dutsen nan ina kallonsa, tas yake kamar an wanke."

Na lissafa a raina cewa in suka tashi da an sallame, za su iya tsere wa hazon da kyar.

Ba su tashi ba. Da na sake kira, Yaya ya amsa da raɗa. Wani tsoho ya kama hannayensu a ƙofar masallaci, ya ce baƙi ba sa wuce garinsa da yunwa ranar Juma'a. Sun ba da uzuri, ya rantse. "Ya rantse fa, Malama, gaban mutane. An riga an shimfiɗa. Ya zan yi?" Na ji ƙarar faranti, na ji dariyar Kawu yana haɗa ɗan Larabcinsa. Na daɗe ban ji wannan dariyar ba.

Sai da la'asar ta kusa ɗigon ya motsa. A lokacin wani daga cikin matuƙan da nake bin hirarsu ya riga ya sa hoton da ya ɗauka daga wani dutse na kusa: fari ya cika kwari, yana lasar ƙirjin dutsen. Na tura wa Yaya, na ce su kwana a garin tsohon da ya ciyar da su. Saƙon bai shiga ba. Sun riga sun kai inda waya ke ɗaukewa.

Ɗigon ya ci gaba da hawa, amma ba a jere ba. Ya ɓace, ya bayyana a gaba, ya ɓace. Kowace bayyana sai in ga sun ci lanƙwasa biyu ko uku. Suka wuce kwarin da babu gada. Suka wuce rabin hawa. Sannan ya bayyana a wata lanƙwasa mai kama da ƙugiya, ya zauna.

Na san wannan lanƙwasa. Na sha bin ta da yatsa. Babu gida a wurin, babu inuwa, babu dalilin tsayawa.

Ban gaya wa Umma nan da nan ba. Na zauna ina kallo. Gidan yana nan yadda yake: fanka tana juyawa, 'ya'yan maƙwabta suna buga ƙwallo a matakala, rana ta faɗo ta taga ta kwanta a kan tabarma. Na kira, na sake kira. Umma ta shigo da kayan guga, ta dubi fuskata, ta ajiye kayan a ƙasa ta zauna kusa da ni.

Muna zaune saƙon murya ya shigo. Iska ce ta fara, mai yawa, sannan Yaya, yana magana ta cikin haƙora.

"Mun faɗi. Tsakuwa ce, ban gan ta ba, ba a ganin komai. Ƙafata ta karye, akwai jini. Kada ki kira kowa, kin ji? Kada ki kira. Wata mota za ta zo."

Aka yi ƙarar kokawa da wayar, sai muryar Kawu, kusa sosai.

"Ɗiyata, rabu da shi. Babu motar da za ta zo cikin wannan abu. Ki kira masu ceto yanzu. Ki ce shi kaɗai ne. Kin ji ko? Shi kaɗai. Ni lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu. Garin yana sama kaɗan, zan ƙarasa da ƙafa. Ki ce wa Hajiya na sa rigar."

Umma ta sa na maimaita saƙon. Ta saurara idonta a rufe. Ɗaya ɗanta ne, ɗaya ɗan uwarta, kuma ta san abin da kowace amsa za ta jawo. In aka ce biyu ne, za a ɗauko su duka, a ɗaure Yaya in ya warke, a kore su duka biyun. In aka ce ɗaya, babu wanda zai nemi na biyun.

"Garin yana kusa?" ta tambaye ni.

Na ce a taswira kusa ne, a ƙafa ba kusa ba ne. Hanyar tana ta nannaɗewa, kuma akwai 'yan hanyoyin awaki da ke yanke ta, waɗanda mutum zai ɗauka gajeriyar hanya ce.

Sannan ta ce, "Shi ɗan dutse ne. Yi yadda ya ce."

Na kira masu ceto. Wanda ya ɗauki kiran mutum ne mai natsuwa. Ya tambayi wurin, na tura masa. Ya tambayi irin raunin. Ya tambaya mutum nawa ne. Na ce ɗaya.

Na tura wa wayar Yaya saƙo don Kawu: ya bi kwalta kawai, kada ya bar ta kome nisanta, in ya gaji ya zauna a jikin dutse ya jira gari ya buɗe. Har aka kira magariba saƙon bai shiga ba.

Washegari ni da Umma muka hau bas zuwa garin da aka kai Yaya asibiti. Ta sabuwar hanya muka bi. A taftish aka duba takardunmu aka miƙo mana da ladabi. Wannan ne karo na farko da na ga dutsen da idona. Taswira ba ta gaya mini tsayinsa ba. Muna cikin hawa hazon ya riske mu. Na ɗauka zai zo kamar hayaƙi. A'a, shiru ya zo, ya shafe rami, ya shafe ƙarfen gefen hanya, ya shafe motar da ke gabanmu, ya bar mu a cikin wani farin ɗaki marar bango. Da muka sauka na ji shi a fuskata, sanyi da laima, da ƙamshin itace jiƙaƙƙe. Abu ne mai kyau ƙwarai. Na tsaya a cikinsa ina rawar ɗari, ina jin kunyar yadda ya burge ni.

Yaya yana kwance, ƙafarsa a ɗaure. Jami'ai sun riga sun zo sun rubuta: mutum ɗaya, babur ɗaya, tsakuwa da hazo. Sai da ɗakin ya rage mutane ya ba mu labari, da Hausa, ƙasa-ƙasa. Ya ce Kawu ya ɗaure masa ƙafar da rawaninsa. Ya ja babur ɗin gefe. Ya jera duwatsu a kan kwalta sama da ƙasa don kada mota ta taka shi. Rigar sanyin da ya ce ya sa, cire ta ya yi ya lulluɓe shi da ita. Sannan ya zauna ya ɗora kan Yaya a cinyarsa, yana ba shi labarin Mambila don kada ya yi barci, har suka ji jiniya tana tahowa daga ƙasa.

"Sai ya tashi," in ji Yaya. "Ya ɗauki jakarsa. Ya yi taku kaɗan, ya dawo ya ɗauki hularsa, ya ce in suka ga hula biyu za su yi tambaya. Ya ce mini, 'Mu'allim, tuƙinka ba laifi.' Ya juya. Umma, ban ga tafiyarsa ba. Yana nan, sai babu shi. Ina jin takunsa a kan tsakuwa bayan na daina ganinsa."

Muka kira mai kiwon zuman. Ya ce bai iso ba. Muka kira washegari, da washegarin. Ya ce ya sauka da ƙafa har lanƙwasar, ya ga duwatsun da aka jera, ya ga inda mai ya zuba, ya yi kira a kwari har muryarsa ta dushe.

Babu inda za mu kai ƙara. Mutumin da za mu ce ya ɓata, mun riga mun ce ba ya wurin. Abokan Yaya suka ɗauki abin a kansu, Juma'a bayan Juma'a suna hawa tsohuwar hanyar, ni ina duba musu sama. Suna tsayawa a ƙauyuka suna tambaya da dabara. Wani makiyayi ya ce ya ga baƙin mutum yana alwala a famfon wani masallaci, amma bai tuna ranar ba. Wani ya ce motar jami'ai ta ɗauki wasu masu tafiyar ƙafa a wannan makon, ta wancan gefen dutsen. Muka sa aka tambaya a inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, ba a ji sunansa ba, amma an ce mana mutane da yawa ba sa ba da sunansu na gaskiya. Ɗaya daga cikin abokan ya ga hular kwano a kan wata katangar gona, nesa da kwalta. Ya ce a ajiye take, ba a yashe ba, bakinta a ƙasa, kamar mai ita zai dawo. Bai iya cewa ko ita ce ba. Baƙaƙen huluna duk kamarsu ɗaya.

Yaya ya warke, yana ɗan ɗingishi. Ya koma gareji, bai koma duwatsu ba. Umma ta daina rufe tagar ɗakinta ko da ana zafi an kunna na'urar sanyi. Ni kuma nakan tsinci kaina da rana tsaka ina bin waɗannan 'yan hanyoyin awaki a taswira, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna ƙarewa a gona. Wasu a ƙofar gida. Wasu suna tafiya, suna tafiya, sai su tsaya a inda launin ƙasa ya koma baƙi.

Kawu yana da mata a gida, da 'ya'ya da suka girma ba ya nan. Umma ce take magana da ita duk wannan lokaci. Wata ranar Asabar da hantsi ta kira, suka gaisa, sai Umma ta miƙo mini wayar.

"Ke take nema."

Ban taɓa ganinta ba. Muryarta ƙarama ce, a bayanta ina jin ruwan sama yana dukan kwano. Ta ce dangi sun taru a kanta. Wasu sun ce a yi sadaka ta shiga takaba, ta san matsayinta. Malamin unguwa ya ce ba a yi wa wanda ya ɓata haka, sai an jira. Ita ba fatawa take nema a wurina ba.

"An ce ke kika san hanyar," ta ce. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, 'yata. Mutum zai iya fita daga wurin nan da ƙafarsa?"

Na gaya mata abin da ke wurin. Na ce in ya bi kwalta, akwai gidaje kafin gari ya waye. In ya bar ta ta hannun dama, akwai gonaki masu hawa-hawa da wani gida mai koren rufi, da hanyar da ke sauka wani kwari inda mutane irinsa suke aiki shekara da shekaru babu mai jin labarinsu. In ya bar ta ta hannun hagu, babu komai.

"Ta wane hannu ya bi?"

"Ba wanda ya gani, Inna."

Ruwan yana ta zuba a can. Na ji ta ja numfashi, na ji ƙarar ƙofa, wani yaro ya yi magana ta ce masa ya jira.

"To," ta ce. "Dama na cire 'yan kunnena tun jiya, suna nan a hannuna. Bari in mayar."